Injin lantarki na kwale-kwalena ya rage ƙarfi, sai na juya farfela yake tashi: kwayil ne ya ƙone?

"Assalamu alaikum Malam. Ni masunci ne, a madatsar ruwa ta Tiga nake su. Tsadar fetur ta sa na jingine injina, na sayi ɗan ƙaramin injin lantarki na hannu, irin wanda ake ɗaurawa a bayan kwale-kwale a jona da batir. An rubuta 12V da 55 a jikinsa, giyarsa biyar gaba, uku baya. Da farko lafiya lau yake aiki. Yanzu ƙarfinsa ya ragu sosai, kan batir yana yin zafi har ba ya taɓuwa, wata rana kuma in na murɗa sai shiru, sai na taɓa farfela da sanda sannan ya kama. Batirin mota nake sa masa, ina yi masa caji da sola. Mai rewaya ya ce kwayil ne ya ƙone, in ba shi ya sake naɗi. In ba shi ne, ko akwai abin da zan fara dubawa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba da sa'ar ruwa, ɗan'uwa. Kada ka ba shi tukuna.

Idan na fahimce ka, ƙorafi uku ka kawo: raguwar ƙarfi, zafin kan batir, da ƙin tashi sai an taɓa farfela. Mai rewaya ya tattara su duka ya ɗora wa kwayil, alhali ba dole ba ne su zama daga tushe ɗaya. Kwayil ɗin da ya ƙone yana da nasa alamun: ƙauri mai hawa kai idan an buɗe, baƙin da ya rufe wayar tagulla, da jan wuta fiye da kima ko farfela ba ta cikin ruwa. Ba ka ambaci ko ɗaya ba. Aikina gyaran kayan sola ne da inbata da ƙananan injinan da ke aiki da batir, kuma cikin irin naka da suke zuwa hannuna, waɗanda matsalarsu ke waje, wato batir da waya da makunni da bayan farfela, sun fi waɗanda cikinsu ya lalace yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake bin wutar daga batir in gangaro, kuma ba na kwance kan injin da ke cikin ruwa sai sauran sun fita daga zargi.

Abin da ke hannunka

Asalin wannan inji na Amurka ne. A 1934 wani mutum mai suna O. G. Schmidt ya fara ƙera shi a garin Fargo na jihar Dakota ta Arewa, kuma daga nan kamfanin Minn Kota ya samo asali. MotorGuide ma sananne ne a can, sannan akwai na Sin masu yawa da aka yi a kan tsari ɗaya. Masu kamun kifi da fatsa aka yi wa shi. Babban injin fetur ne ke kai su inda za su yi su, sai su kashe shi, su sauke wannan ƙaramin don su riƙa zagayawa a hankali ba tare da ƙara ta kori kifi ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Lambar 55 da ka gani ƙarfin turi ne, fam 55, kimanin kilo 25. A giya ta biyar irin wannan inji yana jan wuta har wajen amfiya 50. Idan ka ninka da bolt 12 ka sami wat 600, bai kai ƙarfin doki ɗaya ba. Ƙarfin kaɗan ne, amma wutar da ke bi ta waya mai yawa ce ƙwarai, kuma a nan yawancin matsalolin suke ɓuya.

Ginin kansa mai sauƙi ne. A sama akwai hannu da makunni. A ƙasa, cikin ƙullin ƙarfen nan da ke nutsewa, akwai amecha (sandar da ke juyawa, wadda aka naɗa wa kwayil), mayen ƙarfe manne a bango, buroshi biyu da ke goga wuta a kan kwamiteta (zoben farantan tagulla da ke jikin amecha), boris, da robobin da ke hana ruwa shiga. A irin naka mai giya biyar da uku, giya ta ɗaya zuwa ta huɗu suna bi ta wasu ƙananan kwayil masu rage wuta, ta biyar kuma kai tsaye take tafiya. Ruwan da ke kewaye da ƙullin shi ne ke sanyaya komai, don haka ba a barinsa yana juyawa a tudu fiye da 'yan daƙiƙu.

Fara da batir, kuma a cikin ruwa

Ka samo mitar awon wuta, ko ta aro ce, ka sa ta a ma'aunin DC. Batirin da ya cika ya huta wasu awanni bayan caji yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.7. Idan ka ga 12.2, rabi ne. Idan 12.0 ne, saura kaɗan. Sai dai wannan awon shi kaɗai yana yaudara, domin mataccen batir ma yakan nuna 12.6 muddin ba a ɗora masa kaya ba. Awon gaskiya shi ne ka ɗaure kwale-kwale a gaɓa, ka sauke inji cikin ruwa, ka sa giya ta biyar, wani ya ɗora bakin mita a kan dalmar batir ɗin kanta, ba a kan maƙalin waya ba. Lafiyayyen batir zai tsaya kusa da 12. Wanda ya zube zuwa 11 ko ƙasa da haka cikin minti ɗaya ko biyu ya gaji, kuma babu gyaran inji da zai dawo maka da ƙarfi.

Ina kyautata zaton naka zai zube, saboda dalili biyu. Batirin mota an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙu kaɗan lokacin tayar da mota, nan take kuma altaneta ta mayar masa. Farantansa sirara ne, ba sa jure a zuƙe su ƙasa kullum, cikin 'yan watanni sai ya riƙa cika da wuri yana ƙarewa da wuri. Abin da ya dace shi ne batirin da aka yi don a sha shi a hankali a sake cikawa, irin na sola da inbata, mai 100Ah ko sama (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka, wato amfiya sau awa). Shi ma rabinsa ake sha idan ana son ya yi ƙarko, wato 50Ah, wanda a giya ta biyar awa ɗaya ce kacal.

Dalili na biyu shi ne cajin. Ba ka faɗi girman falan solarka ba, amma mai wat 100 yana ba da amfiya 5 zuwa 6 ne da tsakar rana, a wuni guda abin da zai tara bai wuce 25 zuwa 30Ah ba. Idan kana shan 50 kana mayar da 30, kullum batir a cikin bashi yake kwana, kuma batirin dalma da ke kwana ba a cike ba farantansa suna taurarewa har ya daina karɓar caji. Ko ka sayi sabo, in ba ka ƙara falan ba, haka zai bi sahun na farko. Masu hali suna komawa batirin litiyam, yana da kyau kuma ba shi da nauyi, amma a tabbata an rubuta yana iya ba da amfiya 50 ko fiye ba tsayawa, in ba haka ba zai riƙa yanke wuta da kansa a tsakiyar ruwa.

Zafin kan batir

Wannan kam ba sai na gani ba: mahaɗar ba ta kama da kyau. Duk inda ya yi zafi a layin wuta, a nan wutar take wahalar wucewa. Maƙali mai baki kamar na kada, wanda ake cajin batir da shi, da 'yan haƙoransa kawai yake taɓa dalma. Ga danshi, ga farin gari da koren tsatsa da ke taruwa a wurin. Idan mahaɗar ta cinye bolt ɗaya tak a amfiya 50, wat 50 ke nan ya zama zafi a wuri ɗaya, daidai da ƙarfen sodar mai gyaran rediyo. Inji kuma ya rasa wannan bolt ɗin, kuma turin farfela yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi.

Gwajin ba wuya. Inji na aiki a giya ta biyar, ka sa bakin mita ɗaya a kan dalma, ɗayan a kan maƙalin da ke riƙe da ita. Ya kamata ka ga kusan sifili. In ya kai 0.2, ka kama ɓarawo ɗaya. Yanke maƙalan ka yar, ka sa kan waya mai zobe na tagulla, a matse shi sosai, a ɗaure da noti. Kankare dalmar har ta yi haske, bayan ka ɗaure ka shafa ɗan giris a kai.

Sai waya. Idan ka ƙara tsawo don batir ya zauna a tsakiyar kwale-kwale, duba da me aka ƙara. Waya mai kaurin 4mm², wadda ake kira milimita 4, tsawon mita uku zuwa da mita uku dawowa, tana cinye wajen bolt 1.3 a wannan wutar. Mai milimita 16 a tsawo ɗaya ba ta cin fiye da 0.3 da ɗan kai. Ka kuma kankare silin wayar da wuƙa kafin ka biya kuɗi. In cikinsa fari ne, alminiyam ne aka yi wa rufin tagulla, yana cin wuta fiye da tagulla kuma danshi yana rubar da shi. Wayar injin walda ta gaske tana yin wannan aiki da kyau. Idan ka ja fatar tsohuwar waya baya ka ga silin ya yi baƙi, yanke har inda ya koma ja.

Kuma don Allah ka sa bireka mai amfiya 60 ta DC a kan jar waya, dab da batir. Ranar da taru ya naɗe farfela ta tsaya cik, wutar da inji zai ja tana ninkawa, kuma ita birekar ce za ta yanke kafin amecha ta ƙone da gaske.

Bayan farfela

Cire waya daga batir kafin hannunka ya je wajen farfela, ko makunni a kashe yake. Riƙe kunnenta, kwance notin, zare washa, ja farfela waje. Za ka ga ɗan siririn ƙarfe da ya ratsa sandar amecha, shi ne ke juya farfela. In ya karye, inji zai yi ta kuka ba turi. In ya lanƙwashe, farfela za ta riƙa rawa. An yi shi ne don ya karye kafin sanda ta lanƙwashe idan an bugi kututture ko dutse, saboda haka kada a musanya shi da ƙusar kankare.

Abin da nake so ka duba da kyau shi ne zare. A ruwan da ake kafa kalli da mamari kullum, guntayen zaren roba ba sa ƙarewa. Yana shiga tsakanin farfela da ƙullin inji, ya naɗe sanda, ya yi zafi ya narke ya zama zobe mai tauri wanda daga waje ba a ganinsa. Ɓarna biyu yake yi. Yana riƙe sanda, inji ya yi ta jan wuta ba gudu. Sannan yana cin robar da ke hana ruwa shiga, a hankali har ya yanka ta. Daga ranar ruwa yana tsattsafowa ciki, kuma inji zai ci gaba da aiki makonni kafin ya nuna alama. Mai su a irin ruwanku ya kamata ya cire farfela ya duba duk mako.

Da ka share, juya sandar da hannu. Jin tana ɗan tsalle-tsalle daidai wa daida ba laifi ba ne, jan mayen ƙarfe ne. Gurzawa, ko ƙarar yashi, ko wurin da take cijewa, su ne ba a so.

Makunni ne ko ƙasa ne

Kafin a kwance ƙasa akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama. Buɗe murfin sama, ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka zare ko ɗaya. Galibi huɗu ne ke gangarawa cikin bututu: ja da baƙa masu kauri, da sirara biyu na ƙananan giyoyi. Duba bakin makunni ko akwai inda roba ta narke ko ƙarfe ya yi baƙi. Sai ka zare masu kaurin nan biyu, farfela a cire, ka taɓa su kai tsaye da cikakken batir na daƙiƙa biyu ko uku. Maimaita sau da yawa, kana ɗan juya sandar zuwa wani wuri kafin kowane gwaji. Idan kowane lokaci ya tashi da ƙarfi, ƙasa lafiya take, makunni za a canza. Idan wasu giyoyi ne kawai suka mutu alhali ta biyar tana aiki, tsakanin makunni ne da ƙananan kwayil ɗin nan, kuma makunnin ake fara zargi don shi ya fi saurin ci.

In kuwa a wani wuri ya tashi, a wani ya yi shiru sai an taɓa shi, to mun zo kan ƙorafinka na uku, kuma a nan na fi karkata. Wannan halin buroshi ne. Ko dai sun cinye sun gajarce, ko tsatsa ta riƙe su a cikin gidansu sifirin ya kasa turo su, ko kwamiteta ta yi datti wuta ba ta wucewa a wasu faranta. Taɓawar da kake yi da sanda tana matsar da ita ne zuwa inda ke da sauran haɗi. Abin da ke kawo haka a mafi yawan lokuta shi ne ruwan da yankakkiyar roba ta bari ya shiga.

Wani abu da na ga ana yi, kuma ina roƙonka kada ka bari a yi wa naka: buga ƙullin da sufana ko guduma kamar yadda ake yi wa kikar mota idan ta ƙi tashi. Mayen ƙarfen da ke ciki yana fashewa kamar tangaram, kuma da gam aka manna shi. Bugu ɗaya mai kyau ya isa ya mayar da gyaran buroshi ya zama sayen sabon inji.

Idan za a buɗe

Dogayen ƙusoshi biyu ne ke riƙe da ƙullin, kawunansu galibi suna bayan farfela. Kafin a kwance, a ja layi da abu mai kaifi a kan mahaɗun don a mayar da kowane yadda yake. Idan aka juya gidan mayen ƙarfe, gaba za ta koma baya. Da an sassauta ƙusa aka ga jan ruwa yana ɗigowa, an sami amsa. A zaro amecha a hankali, a kula da yatsu, domin mayen yana fizgarta da ƙarfi.

A wanke laka da tsatsa, a shanya komai a rana wuni ɗaya ko biyu har ya bushe sarai. A goge kwamiteta da samfefa mai laushi, lamba 400 zuwa 600, har tagulla ta fito, a share tsagin da ke tsakanin faranta da tsinke. Daga nan mita za ta yi magana a kan kwayil ɗin da ake zargi. A sa ta a ma'aunin haɗi: tsakanin kowane faranti da na kusa da shi ya kamata a sami haɗi iri ɗaya duk zagayen, tsakanin faranta da sandar ƙarfe kuma kada a sami haɗi ko kaɗan. Idan haka ne, kuma wayar tana da launinta ba ƙauri, amecharka lafiya lau take, babu abin da za a naɗa.

Buroshi na asali ya fi, in ana samu. Na injin gurza ƙarfe ko na dirila ba sa yi ko girmansu ya zo daidai, don an yi su ne saboda wutar gida mai bolt 220 da amfiya kaɗan, a nan zafi za su yi. Ana goge na kikar mota a rage shi ya shiga, yana kuma tashi, amma yana da tagulla da yawa, yana cin kwamiteta. Na wucin gadi ne. Robobin kuwa, duk wanda aka buɗe a canza shi: na bakin sanda, manyan zobban mahaɗa, har ƙananan da ke ƙarƙashin kan ƙusoshi. Ɗauki tsofaffin ka kai wa masu sayar da boris da oyil sil su gwada maka, ka kuma lura da inda leɓen kowanne yake kallo kafin a cire. Na Amurka da inci ake auna su, sai an dace. Cusa gam a madadin roba ba ya kai wata biyu. Mayen da ya ɓalle bai fashe ba ana iya share shi a mayar da gam mai haɗi biyu, a daidai inda yake da, fuskarsa yadda take.

To in an tarar ta ƙone fa? Ana naɗawa, amma sai mai naɗin ya ƙirga zagayen, ya sami waya mai kauri ɗaya, ya kuma daidaita nauyin, in ba haka ba inji zai riƙa kakkarwa ya cinye sabbin robobin. Ka tambayi kuɗin naɗi, ka haɗa da na buroshi da roba da boris, ka gwada da kuɗin wani injin na hannu. Idan ya haura rabi, ni ba na ba da shawarar naɗi.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa

Ban riƙe injinka ba, don haka abin da na ba ka tsarin bincike ne da inda zatona ya fi ƙarfi: gajiyayyen batir da mugun maƙali su ne suka rage ƙarfi suka kawo zafi, buroshi da ruwa kuma su ne ke hana tashi. Duk bayanin nan na mai giya biyar da uku ne. Akwai masu hannu da ake murɗawa sumul ba giya, waɗanda ke da faifan lantarki a ciki, da sababbi marasa buroshi. Su waɗannan, juya ja da baƙa sau ɗaya yana iya kashe faifan, kuma ni canza shi nake yi ɗungurungum, ba na gyara shi.

Sai maganar da na ce ka riƙe. Ƙa'idar da masu ƙera shi ke bayarwa ita ce fam 2 na turi ga kowane fam 100 na nauyi, wato naka zai ɗauki wajen kilo 1,200 a ruwa mai kwanciya, har da kwale-kwalen, da ku, da batir, da jiƙaƙƙen taru, da kifi. Kwale-kwalen katako da ya sha ruwa yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Ko ba kaya, da wuya ya wuce kilomita 6 zuwa 8 a awa. Idan kullum a giya ta biyar kake daga gaɓa har inda ka kafa taru, kana sa shi aikin injin fetur ne, buroshi da makunni za su riƙa ci da wuri ko an gyara. Giya ta uku ko ta huɗu ta fi masa, batir ma ya fi daɗewa. Ka sauke shi yadda saman ƙullin zai nutse kamar santimita 30, don farfela ta daina jawo iska, ka kuma ɗaga shi idan za ka ratsa kainuwa ko ciyawa. A Tiga da safe ruwa kwance yana yin aikinsa, amma iskar hadarin farkon damina ta fi ƙarfinsa, ballantana kogi mai gudu irin Neja a Yawuri lokacin cikowa. Kada filafili ya bar cikin kwale-kwalenka.

Ka yi awon nan uku, na batir a hutu, na batir a giya ta biyar, da na tsakanin dalma da maƙali, ka cire farfela ka ga abin da ke bayanta, sannan ka turo mini lambobin da hoton cikin murfin sama. Da su zan iya gaya maka ko buɗe ƙasan ya zama dole.